In An Miƙo Maka Dakare Kyauta a Wasan Ces

 A wannan makon za mu ɗan ajiye alƙalami mu jawo allon ces, wasan nan da gidajen rediyo kan kira darar Turawa, masu karatun littattafan Larabci kuma suka san shi da shaɗaranji. Ba baƙo ba ne a ƙasar nan kamar yadda ake zato, don a da can a Borno an buga wani nau'insa mai suna tsatsarandi. Amma yawancinmu a waya muka koye shi, a Lichess ko Chess.com, wasu ma sai bayan da Tunde Onakoya ya shafe awa 60 yana bugawa a dandalin Times Square na birnin New York a watan Afrilun 2024.

Duk wanda ya ɗan jima yana bugawa ya san wani takaici. Ka koyi buɗin wasa ɗaya ko biyu, ka haddace takun farko guda biyar kamar sunanka. Sai ka gamu da wani wanda tun a taku na farko ko na biyu zai turo maka dakare gaban bakinka, babu mai gadinsa. Ka ci. Kafin ka gyara zama, a taku na takwas an kashe maka sarki. Ba ka ma fara wasa ba an ce ka tashi. In hakan ta faru sau uku a jere, mutum yakan goge manhajar daga wayarsa ya ce wannan wasa ba nasa ba ne.

Waɗanda suka daure kuma sukan rabu gida biyu. Akwai masu cewa maganin abin hadda ce, ka bi bidiyon YouTube ɗaya bayan ɗaya har ka san kowane tarko. Akwai masu cewa a'a, duk abin da aka miƙo maka kada ka taɓa, banza ba ta kai zomo kasuwa. Mu dai ba ma tare da ko ɗaya daga cikinsu. A ganinmu dakaren da aka miƙo maka bashi ne. Kana iya karɓa, sau da yawa ma karɓar ce daidai, amma ka karɓa da sanin akwai ranar biya, kuma ka riƙe ikon zaɓar ranar a hannunka. Mafi yawan waɗanda irin wannan buɗi ke kayarwa, ƙin sakin abin da suka ci ne ya kashe su.

Kafin mu yi nisa, mu daidaita sunaye don kada mu rikita juna. 'Ya'yan wasan za mu kira su sarki, sarauniya, hasumiya, giwa, doki da dakare. Giwa ita ce mai tafiya a karkace, kuma daga Larabawa muka ari sunan. Gidajen allo 64 ne, kowanne da adireshinsa: layukan tsaye daga a zuwa h, na kwance daga 1 zuwa 8, ana ƙirgawa daga ɓangaren Fari. In an kai wa sarki hari za mu ce an yi masa kashedi. Musayar wurin nan da sarki ke yi da hasumiya don ya koma lungu kuwa, za mu ce ɓoye sarki.

Sunan wannan dabara ta miƙa dakare a farkon wasa shi ne gambit. Asalin kalmar daga Italiyanci take, gambetto, wato taɗiya a kokawa, kuma wani limamin coci ɗan Sifaniya, Ruy López, ya yi amfani da ita a littafinsa na ces a 1561. Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon kokawa bayan kaka ya fahimci ma'anar ba sai an yi masa dogon bayani ba. Ɗan kokawa yakan saki jiki kamar zai faɗi, abokin karawarsa ya danno da ƙarfinsa duka, sai ƙafa ta shiga tsakanin ƙafafu. Ƙarfin wanda aka kayar ne ya kai shi ƙasa.

To me mai gambit yake saye da dakarensa? Lokaci yake saye. An saba ƙiyasta dakare da maki 1, doki da giwa 3 kowanne, hasumiya 5, sarauniya 9, kuma mu masu koyo muna son wannan lissafi don yana da sauƙi. Sai dai bai ƙirga lokaci ba. Tsofaffin masana suna da wani ƙiyasi na daban: a farkon wasa, dakare ɗaya ya kai kimanin taku uku. Taku ɗaya ka ɓata wajen ci, wani wajen gadin abin da ka ci, wani wajen janye ɗan da aka kora, shi kuma a duk wannan lokacin yana fito da dawakinsa da giwayensa. A takarda kana gaba da maki ɗaya. A kan allo mayaƙansa huɗu ne a fili, naka suna barci a gida. Hasumiyar da ke kwance a lungu ba ta da maki biyar a lokacin da ake kashe sarki a tsakiya.

Mu ɗauki misalin da ya fi cin mutane a intanet, gambit na Englund. Fari ya tura dakare d4, Baƙi ya amsa da e5, Fari ya ci. Baƙi ya fito da doki c6, Fari doki f3, Baƙi sarauniya e7. Yanzu 'ya'ya biyu suna kallon dakaren e5, sai Fari ya kawo giwa f4 don ƙara gadi. Wannan takun ba laifi ba ne a karan kansa, amma ku lura da abin da ya bari a baya: dakaren b2 ya rasa mai tsaronsa. Sarauniyar Baƙi ta yi kashedi daga b4, giwa ta dawo d2, sarauniya ta ci b2 tana kallon hasumiyar a1. A nan ne wasan yake rabuwa biyu. Ido yakan ga giwa zuwa c3, taku mai daɗi da ke tsare hasumiya kuma ya kori sarauniya a lokaci guda. Sai Baƙi ya ajiye tasa giwar a b4, ta ɗaure giwar c3 da sarkinta, ba ta da ikon motsawa ta ci sarauniya. Fari ya kawo sarauniya d2, giwa ta ci c3, sarauniyar Fari ta rama, sarauniyar Baƙi ta sauka c1. Sarki ya mutu a taku na takwas.

Yanzu ku mayar da allon baya zuwa taku na shida. Maimakon giwa, a sa doki a c3. Da dokin ya tashi daga b1, sarauniyar Fari ta samu hanyar tsare hasumiyarta ta layin farko, kuma ga sabon mayaƙi ya fito fili. Dakaren b2 ya tafi, a bar shi ya tafi. Abin da ya rage shi ne sarauniyar Baƙi ita kaɗai a cikin gidan mutane, hasumiya za ta kore ta daga b1, doki zai yi tsalle zuwa d5 yana kallon c7, sauran 'ya'yan Baƙi kuma ba su ko wanke fuska ba. Wanda ya san ƙa'idar fito da doki kafin farautar sarauniya zai iya gano wannan takun ko bai taɓa jin sunan Englund ba.

Ko gambit na sarauniya, wanda fim ɗin Netflix na 2020 ya sa kowa ya san sunansa, haka zancen yake, duk da cewa shi buɗi ne mai mutunci da zakarun duniya ke bugawa. Bayan d4, d5, c4, Baƙi yana iya cin c4 lafiya lau, muddin bai ɗauka ya zama nasa ba. In ya ce sai ya riƙe, Fari ya buga e3, shi ya kare da b5, Fari a4, shi c6, aka yi musaya a b5, sai sarauniya ta fito f3 ta hango hasumiyar a8 ta wata doguwar hanya da Baƙi ya share da hannunsa. Don ya tsira da hasumiya dole ya ba da doki ko giwa. Ya riƙe maki ɗaya ya rasa uku. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Wannan tunani na mayar da bashi ba mu muka ƙirƙiro shi ba, kuma an daɗe kafin 'yan wasa su yarda da shi. A ƙarni na 19 ana ganin ƙin karɓar gambit kamar ragwanci ne, mayar da abin da ka ci kuma kamar amsa laifi. A shekarun 1820 wani kyaftin ɗin jirgin ruwa ɗan Wales, William Davies Evans, ya fito da gambit ɗin da ke ɗauke da sunansa. Bayan e4 da e5, dawaki sun fito f3 da c6, giwaye sun fito c4 da c5, sai Fari ya jefa dakare b4. Giwa ta ci, Fari ya kore ta da c3, sannan ya danna d4 ya mamaye tsakiya. Shekaru da dama wannan buɗi yana kayar da manyan 'yan wasa, don masu karewa suna ci su ƙara ci, su rungume abin da suka tara har a zo a fasa musu f7.

Emanuel Lasker ɗan Jamus, wanda ya riƙe kambun duniya daga 1894 zuwa 1921, shi ya nuna hanya mai sanyi. Ka ci dakaren b4, ka janye giwa a5, ka tokare tsakiya da d6, ka dawo da giwar b6, sannan ka ce wa Fari ga dakarenka a e5, zo ka ɗauka. In ya zo ɗauka, sai an yi musayar sarauniyoyi a d8 kafin ya same shi. Da sarauniyoyi suka bar allo, harin ya mutu. Adadi ya dawo daidai, amma dakarun Fari na a2 da c3 sun rabu da juna, ba mai tsaron ɗan uwansa, kuma da su zai shiga ƙarshen wasa. Wanda ya zo neman wuta ya tarar da ruwan sanyi. Bayan wannan, Evans ya ragu ƙwarai a manyan gasa.

Gambit na Denmark ma irin maganinsa ke nan, sai dai ya fi ban mamaki a ido. A can Fari dakaru biyu yake bayarwa, ya jera giwayensa a c4 da b2 suna kallon lungun sarkin Baƙi kamar bakin bindiga mai hanci biyu. Amsar da aka fi sani ita ce Baƙi ya tura d5 nan take, ya mayar da ɗaya don giwarsa ta c8 ta samu hanya. A layin da ya fi shahara, kafin taku na goma ya wuce an yi musayar sarauniyoyi, an yi ta giwa ɗaya ɗaya, dakaru sun dawo biyar da biyar. Ba wanda ya ci wani. Amma wanda ya shigo da niyyar gama wasa cikin minti biyu yanzu sai ya zauna ya yi wasa na gaskiya, kuma ba kowane mai tarko ne ya iya wannan ba.

Za a ce mana ai waɗannan duk sanannun layuka ne, mun dawo ga hadda ke nan. To ga wanda bai haddace komai ba. A 1918, a wata gasa a New York, Frank Marshall, zakaran Amurka, ya zauna da baƙaƙen 'ya'ya gaban José Raúl Capablanca ɗan Kyuba. A buɗin Ruy López, a taku na takwas, Marshall ya tura d5 ya sadaukar da dakaren e5. Ana ba da labarin cewa ya daɗe yana ɓoye wannan shiri don Capablanca. Shi Marshall ya zo da nazarinsa daga gida, shi kuwa Capablanca sai a kan allo zai warware komai, agogo na tafiya.

Ya ci dakaren. Nan take giwa, doki da sarauniyar Marshall suka yi dirar mikiya a kan lungun sarkinsa. Abin da muke so ku lura da shi shi ne abin da ya biyo baya. Sau biyu Marshall ya miƙa doki, da farko a g4, sannan a f2, sau biyu Capablanca ya kau da kai, ya buga takun da ke ƙara masa masu gadi: sarauniya f3, dakare d4, hasumiya e2. Da lokaci ya yi, shi da kansa ya ba da hasumiya don ya rage masu kai masa hari. Sarkinsa ya tashi daga g1 ya bi ta f1, e2, d3, har ya samu mafaka a c2, tafiyar da in ɗayanmu ya gani a wasansa zai ce shi ke nan. Da ƙura ta lafa, Capablanca ne ke da rinjaye, dakarensa ya kai b7, kuma ya ci wasan. Shekara uku bayan haka ya karɓi kambun duniya daga hannun Lasker.

Wasan nan ya rushe maganar ɓangarorin biyu. Mai cewa kada a taɓa kyauta, ga Capablanca ya ci dakare. Mai cewa sai da hadda, ga shi bai taɓa ganin shirin ba. Abin da ya yi shi ne auna kowace kyauta ita kaɗai. Dakaren farko ya ga zai iya biyan kuɗinsa. Dokin ya ga ba zai iya ba a lokacin. Kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski, don haka kafin ka miƙa hannu ka duba ko askarka na da kaifi.

Ta yaya ake wannan awo a aikace, mu da ba Capablanca ba? Kafin ka ci, ka duba duk kashedin da abokin karawarka zai iya yi a taku na gaba, da duk gidan da sarauniyarsa za ta iya sauka ta kai hari wuri biyu lokaci guda. Yawancin tarkunan da ke kashe wasa kafin taku goma ta nan suke bi, kuma kusan kullum ta f2 ko f7, gidan da babu mai gadinsa a farkon wasa sai sarki shi kaɗai. In ba ka ga komai ba, ka ci. Bayan ka ci, ka daina ƙirga dakaru ka koma ƙirga mayaƙan da suka fito. In ya fi ka da biyu kuma sarkinka na tsakiya, to ranar biya ta zo. Ka nemi takun da zai buɗe wa giwarka hanya ko ya ba ka damar ɓoye sarki, ko da dakaren zai tafi. Na biyun kuwa, in aka sake miƙo wani, mu shawararmu a bar shi sai sarki ya shiga lungu.

Ba muna cewa ƙin karɓa kullum tsoro ba ne. Shirin nan na Marshall da Capablanca ya doke, daga baya aka gyara shi ya zama ɗaya daga cikin makamai mafi inganci na Baƙi, har Garry Kasparov, a karawarsa da Nigel Short a Landan a 1993, ya riƙa kauce masa da a4 a taku na takwas. In kaucewar za ta kai ka wani fili da ka sani kamar tafin hannunka, ka kauce. Abin da muke ƙi shi ne kaucewar da ba ta da dalili sai fargaba, wadda takan sa mutum ya ja da baya ya bar tsakiyar allo duka, ya ƙare da matsin da ya guda, kuma ba ko dakaren da zai rarrashi zuciyarsa da shi.

Kuma kada kowa ya ɗauka Lasker ya binne gambit. Shi dai Kasparov ɗin nan ya tono Evans a birnin Riga a 1995 ya kayar da Viswanathan Anand na Indiya a taku 25. Bobby Fischer, bayan Boris Spassky ya doke shi da gambit na sarki a Mar del Plata ta Ajantina a 1960, ya rubuta maƙala a 1961 yana cewa ya gano maganin buɗin, ya ba da shawarar d6 a taku na uku. Shawarar tana da kyau, har yau ana bugawa, amma gambit na sarki bai mutu ba, shi kansa Fischer ya buga shi da fararen 'ya'ya bayan haka.

Akwai kuma ɗaya nau'in baƙon buɗi, wanda ba a ba ka komai, an dai yi wani taku da ya yi kama da raini. Haɗarinsa daban ne. A 1980, a gasar ƙasashen Turai da aka yi a Skara ta ƙasar Suwidin, zakaran duniya Anatoly Karpov ya buɗe da e4, sai Tony Miles na Ingila ya amsa da a6, ɗan takun gefe da ake hana yara bugawa. Miles ne ya ci wasan, bayan an wuce taku 40. Ba tarko ya kama Karpov ba, wasa aka yi mai tsawo aka fi shi a ranar. Abin da muka ɗauka daga nan shi ne, taku mara kyau a farkon wasa ɗan rinjaye kaɗan yake ba ka, bai ba ka nasara ba. Mu kuwa da zarar mun ga irin wannan sai zuciya ta ɗebe mu, mu ce sai mun hukunta shi yanzu yanzu, mu tura dakaru huɗu da sarauniya gaba, mu bar gida a buɗe. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Amsar baƙon taku ita ce mafi gundura a duniya: dakaru biyu a tsakiya, dawaki waje, giwaye waje, a ɓoye sarki. Wanda ya ɓata taku biyu a gefe zai biya kuɗinsu a taku na goma sha biyar ba tare da ka bi shi da gudu ba.

Mai fito da sarauniya h5 a taku na biyu ma haka. Ka kare e5 da doki c6. In ya kawo giwa c4, ka tura g6. In ta koma f3, ka fito da doki f6. Kowane taku naka mayaƙi ne ke fitowa ko ƙofa ce ke rufewa, ita kuma tana ta yawo ita kaɗai.

Yanzu mu zo ga inda masu hadda suke da gaskiya, don suna da ita. Yawancinmu ba wasan awa biyar muke yi ba, wasan minti uku ko biyar ne, a cikin mota ko kafin a kawo wuta. A irin wannan wasa mai gambit yana da makami na biyu, agogo. Shi yana buga takunsa goma na farko cikin daƙiƙa goma don ya san su, kai kana ƙona minti ɗaya a kowane taku. Gambit na Stafford, wanda Eric Rosen ya yayata a YouTube, a kan wannan yake rayuwa. Bayan e4, e5, doki f3, doki f6, Fari ya ci e5 da doki, sai Baƙi ya miƙo doki c6 a yi musaya, ya rasa dakare ya samu buɗaɗɗun hanyoyi. In ka tambayi Stockfish zai ce maka Fari na gaba sosai. Amma Stockfish yana magana ne a kan Farin da zai gano duk takun da ya dace. Farin da ya buga d3, ya ga giwar Baƙi a c5, sannan ya kai tasa giwar g5 don ya ɗaure doki, zai ga dokin ya ci e4 ya bar sarauniyarsa a fili. In ya ci sarauniyar, giwa ta yi kashedi a f2, sarki ya hau e2, ɗaya giwar ta zo g4 ta gama aiki. Maganin kuwa ƙanƙani ne: giwa e2 maimakon g5, sannan c3, sannan d4 a toshe wa giwar c5 ido. Taku uku ne, kuma ya fi kyau a san su tun daga gida. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Saboda haka muna yarda da hadda, amma 'yar kaɗan, kuma bayan cizo. Duk buɗin da ya kayar da kai, ka buɗe wasan a kwamfuta ko a waya bayan an gama, ka nemo takun farko da ka kauce, ka rubuta amsa ɗaya tak a ɗan littafinka, da dalilinta a jimla guda. Dalilin ne zai zauna a kai. Wanda ya haddace layi ashirin ba dalili, ranar da abokin karawarsa ya sauya jerin taku biyu sai ya tsaya yana kallon allo kamar bai taɓa ganinsa ba. A cikin wasan kuma, in za ka kashe lokaci, ka kashe shi a takun da aka fara fita daga abin da ka sani. Daƙiƙa ashirin a taku na huɗu sun fi minti biyu a taku na tara, lokacin da ba sauran abin da za a ceto.

Mu da kanmu fa, mu riƙa buga gambit? E, muna ganin ya kamata kowane mai koyo ya yi wata ɗaya ko biyu yana buga Evans ko gambit na sarki, don ya ɗanɗana yadda ake ji in kana ƙasa da dakare kuma kowane taku sai ya yi aiki. Wanda ya taɓa ba da bashi ya fi sanin abin da mai ba da bashi ke tsoro, wato musayar sarauniyoyi da sarkin da ya shiga lungu lafiya. Amma mu bambanta su da irin su Englund, waɗanda rayuwarsu duka ta rataya a kan abokin karawa ya yi kuskure ɗaya sananne. Suna kawo nasara mai sauri a kan sababbi, maki ya ɗan hau, sai a kai matakin da kowa ya san amsar, a nan mutum zai tarar ya shekara yana bugawa bai koyi tsakiyar wasa ba.

Ga aikin gida. Ku jera allo: e4, e5, doki f3, doki c6, giwa c4, sai Baƙi ya ɗauke dokin nan na c6 ya ajiye shi d4. Dakaren e5 ya rasa mai gadi, dokin Fari na kallonsa. Ku ne da Fari. Za ku ci ko za ku bari? Kada ku tambayi Stockfish. Ku duba gidajen da sarauniyar Baƙi za ta iya sauka a taku na gaba, ku rubuto mana amsarku da dalilinta kafin mu haɗu mako mai zuwa.